Na Bakwai a Takardar Garmaho

Babana ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin duba sikeli. Kullum da safe zai ɗauki akwatinsa na katako mai duwatsun awo na tagulla, ya bi kasuwa rumfa-rumfa, ya ɗora dutsen kilo ɗaya a kan sikelin mahauci ko na mai shinkafa, ya tsaya yana kallon allura kamar mai jiran ta amsa laifinta. In ta tsaya daidai ya buga hatimi. In ta karkace ko da faɗin gashi ne sai ya ɗaure sikelin da waya ya rubuta takarda, ko na abokinsa ne, ko na ƙanin matarsa. Na ƙanin matar ba misali na kawo ba, ya faru, kuma kawun namu ya yi shekara biyu bai taka gidanmu ba. Mutanen kasuwa suka sa masa suna Ma'auni, sunan ya bi shi har gida, har Mama ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa.

Ni ce autarsa, kuma na taso a gidan da tafiya ma sai da ƙa'ida. Dalili kuwa garmaho. Kada ka ce irin na kakanni mai ƙaho wanda ake wanawa da hannu, in ka faɗi haka a gaban Baba ka jawo wa kanka laccar awa guda. Nasa na lantarki ne, da gindin katako mai duhu, da faranti na ƙarfe mai nauyin kilo uku da giram ɗari biyu, don ya auna, da siririn hannu mai allura a baki. Ya sa magini ya zuba masa kanta ta siminti a jikin bangon falo, kuma kowace safiya kafin mu gaisa sai ya ɗora masa ƙaramin ma'aunin magina, irin mai ɗigon iska a cikin ruwa, ya tabbatar ɗigon yana tsakiya. Na taɓa ce masa, Baba, bango ne fa, ina zai je? Ya ce gini ma yana motsi, mu ne ba mu lura.

In ya ɗora faifai, gida ya shiga dokar ta-ɓaci. A kashe fanka saboda tana gunji. A zare firij saboda in ya tashi ana jin ƙyas a lasifika. Ba gudu, ba buga ƙofa, ba jan kujera, ba suya, wai hayaƙin mai yana kwanciya a cikin layukan faifai. Yayyena suka koyi tafiya da sanɗa har ta zame musu jiki. Babban yayanmu yau 'ya'yansa huɗu, amma in ya shigo ɗaki ba ka jinsa sai dai ka waiga ka gan shi tsaye, matarsa ta sha kurma ihu. Ni kuwa na tsani garmahon nan tsana ta gaskiya. Ina 'yar shekara tara na taɓa farantin da ɗan yatsa ɗaya. Baba bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba, sai ya ɗauko gilashin ƙara girman abu ya nuna mini zanen yatsana a jikin ƙarfen, ya bar ni ina kallo har na fashe da kuka.

Kowace Asabar da yamma abokansa uku suke zuwa, su kira zaman nasu majalisa. Dakta likitan haƙori ne, kuma shi ne shugaba saboda lasifikunsa sun fi na kowa tsawo. Hedimasta ya yi ritaya tun ina firamare, amma har yanzu in zai ce a miƙo masa sukari sai ya miƙe tsaye. Mai Agogo shi ne babbansu, ya haura tamanin, aikinsa a majalisa barci ne. Da an sauke allura zai rufe ido, in faifai ya ƙare ya buɗe ya ce, "Ƙasan sautin ya ɗan yi nauyi." In ka lura da kyau ba waƙa suke saurare ba. Allura suke saurare, da waya, da bel ɗin da ke juya faranti. Za su ɗora faifai guda sau biyar, su canza wayar lasifika a tsakani, su yi ta musu a kan ko mai ganga ya matso gaba ko ya ja da baya, shayinsu yana hucewa.

Amma abin da ya fi waƙa da allura daraja a wurin masu garmahon garinmu shi ne asali. A ƙa'idarsu ba a sayar da garmahon kirki, miƙa shi ake yi hannu da hannu ga wanda aka yarda da shi. A ƙarƙashin gindinsa akwai takarda a manne, duk wanda ya karɓa sai ya rubuta kansa a ƙasan wanda ya ba shi. Garmahon da takardarsa ta ɓata ko ta tsinke a tsakiya, kome daɗin sautinsa, ɗan tsintuwa suke ce masa, ba a zancensa a majalisa. Takardar Baba ta fi ta kowa tsawo a gari, mutum bakwai, kuma mun haddace ta kafin mu haddace bakwai sau bakwai. Kyaftin ɗin jirgin ruwa ne ya shigo da shi ƙasar ya miƙa wa Alƙali. Alƙali ya miƙa wa Mai Otal, Mai Otal ya miƙa wa Direban jirgin ƙasa, Direba ya miƙa wa Mai Kemis, Mai Kemis ya miƙa wa Hedimasta.

Baba ɗan mai gyaran keke ne, bai gaji ko rediyo ba, amma ya yi shekara huɗu yana zuwa gidan Hedimasta ana barinsa ya riƙe kwalin faifai kawai. Ana nan aka kafa injin niƙa a bayan gidan Hedimasta, bango ya kama rawa daga safe zuwa yamma, dole ya nemi wanda zai miƙa wa. Ya dubi Baba ya ce rubuta kanka. Shekara ashirin da shida ke nan. Mama ta ce murnar da ya yi ranar ta fi ta ranar da aka haife ni, kuma Baba bai taɓa musantawa ba, sai dai ya ce abubuwa biyu ne daban, ba a auna su a sikeli ɗaya.

Akwai abu biyu a jikin garmahon da babu su a na kowa, kuma da su Baba yake cika baki. Na farko wani zagayayyen tabo ne a saman hannun, daidai bisa allura, inda ƙarfen ya fi haske. Baba ya ce tambarin sirri ne na masana'anta, ana buga wa guda ɗaya a cikin dubu, wanda babban injiniya ya gwada da kunnensa. Na biyu shimfiɗar da ke kan faranti, ta ulu mai ruwan toka, an bi bakinta da ɗinki. Baba ya ƙirga ɗinkin ya gano duk bayan takwas sai an tsallake ɗaya. Majalisa ta zauna Asabar uku a kan wannan, ta yanke cewa da gangan injiniyoyi suka bar ƙofofin don iska ta riƙa fita daga ƙarƙashin faifai. Dakta har ya sa an yi wa nasa irinta, ya kuma rantse mai ganga ya matso gaba.

Ni na jawo abin da ya faru, gara in faɗa da bakina. Baba zai cika shekara saba'in na rasa me zan ba shi, don mutum ne da in ka saya masa riga sai ya auna hannuwan ya ce ɗaya ya fi ɗaya. Sai na ce bari in sa a ɗinka wa garmahon rigar tare ƙura, ko ba komai ya ga na ajiye gabar. Ranar da ya je asibiti a duba masa ido na ɗauke shimfiɗar ulun na jefa a jaka, don tela ta ga launi da girma, na nufi wurin Gwaggo Tela.

Gwaggo Tela tsohuwa ce mai shago a bayan tashar mota, ita take ɗinka labulen rabin unguwarmu. Shagon ɗaki biyu ne, a gaba keken ɗinki da tarin yadi, a baya gadonta da risho. 'Yar ƙarama ce, ta ɗan ranƙwafa, tabaraunta ɗaure da zare, kullum da fil uku a bakinta. Na miƙa mata shimfiɗar na fara bayani. Ba ta saurare ni ba. Ta juya ta, ta kai ta bakin taga, ta bi ɗinkin da farce, sannan ta zare fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke su a hannun rigarta.

"'Yar nan, a ina kika samo wannan?"

"Ta garmahon babana ce, Gwaggo. Daga ƙasar waje aka..."

"Daga kwat ɗin mijina dai," ta ce. "Bayan kwat ɗin ne, inda dutsen guga bai ƙona ba. Wannan keken da kike gani shi ya ɗinka ta, tun yana sabo yake tsallake na tara. Yaushe babanki yake zama a gida?"

Na ce Asabar. Wallahi bakina ne ya faɗa, ban ba shi izini ba. Na koma gida na mayar da shimfiɗar inda take, na yi kwana uku ban gaya wa kowa ba, ina fata tsufa zai mantar da ita.

Bai mantar da ita ba. Ranar Asabar ana tsakiyar faifai ta yi sallama da ƙarfi, ta cire takalmi a bakin ƙofa, amma dunduniyarta ta fi takalmin ƙara. Dakta ya ɗaga hannu yana mata alamar shiru. Ta wuce shi, ta tsaya a gaban kantar simintin ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa garmahon, ba mu ba, "Ashe nan ne wajen gyaran."

Baba ya ɗaga allura a tsakiyar waƙa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Kayana na zo gani."

Aka ba ta kujera, ta ajiye lemarta a kan kwalayen faifai, Hedimasta ya ɗauke ta da yatsa biyu. Ta ce, "Ina sabuwar amarya nake ɗinka wa otal labule da zanen tebur. A falon otal ɗin nake shimfiɗa aikina, kuma da yake ma'aikatan duk tsoron na'urar suke ji, ni nake juya faifai. Da Mai Otal zai rufe ya koma garinsu, ya ce ke kika san halinsa, ɗauki. A hannuna ya sa shi. Na kawo gida, mijina, direban jirgin ƙasa, ya leƙa gindinsa ya ga takarda, ya ce ai wannan sai mai kyan rubutu, ya ɗauki biro ya rubuta kansa. Ban damu ba, takarda ce a ƙasan akwati, wa zai kwanta ya karanta? Bayan shekara shida uwata ta kwanta ciwo, na tafi jinya wata biyu. Na dawo na tarar da tebur wayam. Ya ce yana wajen gyara. Shekara goma sha ɗaya, Malam, duk na tambaya yana wajen gyara. Yau an aika a kawo wani ƙarfe, gobe mai gyaran ya yi tafiya, jibi mai gyaran ya rasu ɗansa ya gaji aikin. Har Allah ya karɓi ran mijin nawa, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, amma in aka yabi abu a gidansa sai ya bayar don a ce ya iya kyauta. Har kujerar da muka aro a maƙwabta ya taɓa bayarwa."

Hedimasta ya miƙe tsaye, don ya ga sunansa ma yana cikin hatsari. "Baiwar Allah, in da baki ne, kowa ma Kyaftin ne. Mu nan da takarda muke aiki."

Dakta ya ce shimfiɗa ba hujja ba ce, kowa yana iya ɗinka shimfiɗa, ya manta cewa shi ne ya ce injiniyoyi suka yi ta. Da ya tsaya nan da ya tsira da mutuncinsa, amma sai ya nuna hannun garmahon ya ce, "In naki ne, gaya mana ma'anar tambarin nan na masana'anta."

Gwaggo ta matso ta duba. Ta kama dariya har tabaraunta ya zamo kan hanci. Ta buɗe jaka, ta kwance bakin wani ƙyalle, ta fito da wani tsohon kwabo da aka daina karɓa tun kafin a haife ni, ta ɗora shi a kan tabon. Ya zauna cif.

"In yara suna tsalle allurar tana gudu, sai na liƙa masa wannan da gam. Shekara shida yana kai. Ranar da zan tafi jinya na ɓamɓare shi na tafi da shi, don kada mijina ya kyautar."

Ga wanda bai sani ba, a wurin mutanen nan ɗora kwabo a kan allura ya fi zagin uwa muni. Baba da wani ɗan mitsitsin sikeli yake saita nauyin allurar, giram ɗaya da rabi, ba ƙari. Dakta ya dafe ƙirji. Hedimasta ya koma ya zauna ba tare da ya duba ko akwai kujera ba, Allah ya taimake shi akwai. Baba kuwa ya juya. Ya shiga ɗaki ya fito da ma'auninsa na ƙarfe mai baki biyu, ya auna kwabon, ya auna tabon, ya sake aunawa, ya rubuta lambobin biyu a ɗan littafinsa. Ina tsaye a bayansa, na ga lamba ɗaya ce ya rubuta sau biyu.

Dakta ya farfaɗo ya ce to, ko da ita ta yi wannan ta'asar, tabo ba mallaka ba ne, matar gida tana iya taɓa kayan mijinta. Takarda dai Direba ta ce. Sai muka ji murya daga kusurwa. Mai Agogo ne, idonsa a rufe.

"Wata yarinya ce mai tsiwa take juya faifai a otal ɗin, da fil a bakinta. Ina wurin ranar da Mai Otal ya ba ta, ni na riƙe mata ƙofa. Direba kuwa, Allah ya jiƙansa, bai san ma inda ake kunna shi ba."

Hedimasta ya ce, "Haba Yaya! Shekara arba'in kana zaune da wannan maganar?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Ku kullum ƙasan sauti kuke tambayata."

Gwaggo ta ɗauki kwabonta ta ƙulle, ta ɗauki lemarta. Ta ce, "Ni ban zo da rigima ba, Malam. Na ga inda yake, na ga an riƙe shi da kyau, har ya fi ni ƙiba. In an ga dama a mayar mini. In ba a gani ba, shagona yana bayan tasha, ina karɓar ɗinkin labule." Ta fita abinta.

Dakta ya ce shi ke nan, mai ƙara ta janye, a zuba wani shayin. Kowa ya ce wa Baba ya riƙe kayansa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Mama, wadda na zata za ta yi guɗa. Ta tsaya a ƙofar kicin riƙe da ƙugu ta ce, "Shekara ashirin da shida ina sanɗa a gidana, nama ya lalace mini a firij ba adadi, sannan wata ta zo da kwabo ɗaya ta ɗauke shi? To wahalar da na sha ta tafi a banza ke nan? Ma'auni, ba inda za shi!"

Baba ya yi kwana huɗu bai kunna shi ba. Da safe yana ɗora ma'aunin maginan kamar kullum, ya dubi ɗigon, ya koma ya zauna a kujerarsa yana kallon garmahon a kashe. Abinci ma sai an yi masa magana sau biyu. A kwanakin nan na fara ganin tsufa a jikinsa, kuma na ji haushin kaina ƙwarai, don ni na kawo masa wannan a matsayin kyautar cika shekara saba'in. Na ce masa zan saya wa Gwaggo sabon garmaho, mai kyau, har da na'urar canza waƙa daga nesa. Ya dube ni kamar na ce zan saya mata sabon miji.

Ranar Alhamis da hantsi ya ce, "Auta, kawo mota."

"Baba, ita kanta fa ba ta ce dole ba."

"Na ɗaure sikelin kawunki a kan giram goma sha biyar. Nan kuwa mutum guda cur aka tsallake. Kawo mota."

Awa biyu ya yi yana naɗe kayan. Ya cire faranti ya nannaɗe da tawul, ya ɗaure hannun da zare, ya haɗa da ƙaramar amfilifaya mai ƙara sauti da lasifiku biyu, don ya san ba ta da su, da faifai goma. Ya zauna a baya rungume da gindin katakon, ya hana ni wuce gudun mai keke. Duk ramin da muka tarar sai na tsaya mun yi shawara ta wane gefe za a bi. Masu mota a bayanmu suka yi ta danna oda suna ambaton iyayena, ɗaya daga cikin iyayen yana zaune a baya bai ko ɗaga kai ba.

Gwaggo ba ta yi mamaki ba da ta gan mu, ta dai cire fil ta ce sannunku da zuwa. Ta nuna wani tsohon tebur a ɗakin baya, kusa da gado, ta ce nan ne wurinsa. Baba ya taɓa teburin da yatsa, teburin ya gyaɗa masa kai. Ya ɗora ma'aunin maginan, ɗigon ya ruga can kusurwa ya ɓuya. Na ga gumi ya tsattsafo masa. Ya zaro takarda shafi huɗu daga aljihu, ƙa'idojin kula da garmahon da ya rubuta da hannunsa, ya miƙa mata ya ce ta karanta a tsanake kafin a yi maganar tebur.

"Madalla," in ji Gwaggo. Ta ninke takardun biyu, ta sake ninkewa, ta durƙusa ta cusa su a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburin. Ɗigon ya taho a hankali ya tsaya a tsakiya. Baba ya duba ta hagu, ya duba ta dama, ya daɗe, sannan ya ce, "Daidai ne," da irin muryar da yake buga hatimi da ita.

Kafin ya ɗora garmahon ya kifa shi a kan gado ya ciro biro. Ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe a kan Direba, ya rubuta Gwaggo Tela a sama. A gefen Mai Kemis ya rubuta ajiya. A gefen Hedimasta ya rubuta ajiya. Da ya zo na bakwai biron ya tsaya.

Gwaggo ta ce, "Malam, bar naka mana. Ai ka yi wahala da shi."

"In na bar nawa, Hedimasta zai ce son kai na yi." Ya rubuta.

Ya haɗa wayoyi, ya mayar da faranti, ya saita allura da ɗan sikelinsa. Yana gamawa Gwaggo ta kwance ƙyallen nan, ta ɗauko kwalbar gam.

"Gwaggo, don girman Allah. Na saita shi giram ɗaya da rabi, ba ya bukata."

"Jikokina suna zuwa ran Lahadi, su bakwai," ta ce, ta liƙa.

Baba ya juya ya fuskanci bango. Daga cikin aljihun tebur, a ƙarƙashin tarin takardun yankan riga, ta zaro faifai guda ɗaya a cikin rigar matashi. Shi kaɗai mijin bai bayar ba, shekara arba'in da uku tana ajiye da shi ba abin da za ta ɗora shi a kai. Ta hura masa iska, ta goge shi da gefen zaninta. Wannan kam Baba bai iya tsayawa ya gani ba. Ya yi sallama a gurguje, muka fito.

Na tada mota ke nan ya ce, "Tsaya." Ya tuna bai gaya mata abu ɗaya ba. Garmahon nan ba ya ɗaga hannunsa da kansa. In faifai ya ƙare, allura za ta yi ta zagaya layin ƙarshe tana cin kanta har sai mutum ya zo ya ɗaga ta, kuma in hannun mutum ya yi rawa sai ta karce faifan. Ya rubuta wannan a shafi na uku, shafi na uku kuwa yana ƙarƙashin ƙafar tebur.

Ya fita, na bi shi. Muka zagaya ta lungun da ke bayan shagon, tsakanin rumfar mai facin taya da kwata. Kafin mu kai tagar ɗakin waƙa ta riga ta tashi, faifan yana ta ƙaraf-ƙaraf saboda tsufa, ga ganga, ga muryar wata mace, ga muryar Gwaggo a kai tana bi ba daidai ba. Kamar wannan bai isa ba, sai muka ji keken ɗinki ya kama aiki, ƙasa tana amsawa. Baba ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa tagar. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauke shi.

Muka tsaya a lungun nan cikin rana minti goma sha takwas. Mai facin taya ya tambaye mu sau biyu ko iska muke so. Baba yana kallon agogonsa, can ya ce a hankali, "Saura minti ɗaya." Waƙar ta ƙare. Sai muka ji allura ta shiga layin ƙarshe, shuu-tuk. Ta sake zagayowa, shuu-tuk. Na kama hannun rigar Baba, ni da na tsani na'urar nan tun ina 'yar shekara tara, na tsinci kaina ina addu'a. Keken ɗinki ya tsaya. Na ukun bai zo ba, ɗakin ya yi tsit.

"Kin ji?" ya ce.

"Ban ji komai ba, Baba."

"To shi ne. Ni ko a rana mai kyau sai an ɗan ji ƙarar ɗagawata." Ya juya wa tagar baya. "Ya san hannunta. Mu tafi, Auta."

Muna isa mota muka ji ta juya faifan, ɗaya gefen ya fara. Baba bai waiga ba. Ya daɗe yana laluben hannun ƙofar motar, ni kuwa na bar shi ya lalubo da kansa, don kada ya san na ga fuskarsa.